Ɗigon Ruwa a Kogo

Shekarar da soja suka miƙa mulki, na ɗauki amaryata Binta daga Ƙofar Sauri zuwa wani gandun daji mai tsaunuka da tsofaffin itatuwa, don ta ga kogon farin dutse, ta kuma san jarumi ta aura.

A bakin kogon, na karɓe tocilan ɗan jagoran da ya rako mu, na ce, "Binta, kwantar da hankalinki, ina gaba."

Muna shiga duhu, wani abu mai sanyi ya taɓa ƙeyata. Na kurma ihu, na arce da tocilan. Da ƙyar suka lalubo hanyar fita, jagoran yana dariya har da hawaye. Ashe ɗigon ruwa ne.

Har yau, da an fara yayyafi sai Binta ta ce, "Yara, ku riƙe babanku."