Rasuwar Na'urar Dangwale

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ke hana mutum karyawa, jami'in kula da ma'aikata na asibitin nan yana sanar da rasuwar abokiyar aikinsa, na'urar dangwala yatsa da ke manne a ƙofar ofishinsa.

Marigayiya ba ta da yawan magana. In ta gane ka ta ce "ƙit", in ba ta gane ka ba ta ce "ƙit-ƙit", shi ke nan. Ba sani ba sabo, babban likita ma in ya makara haka take kai wa kwamfuta labarinsa. Amma tana da kara. Yatsan da sabulu ya cinye zanensa, takan yi haƙuri ta duba har ta gane mai shi.

Ajalinta ya zo ta hannun masoya. Ma'aikatan jinya, don tsoron ƙwayoyin cuta, kullum sai sun yi mata wanka da ruwan tsabtace hannu, garin gyaran gira aka rasa ido. Ta fara ruɗewa, ta sa mai gadi cikin ungozomomi, daga nan ta yi shiru. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya rufe.

Ta rasu ta bar caja da ramukan ƙusa a bango. Ta kuma bar Iya mai wanki, wadda ta tsufa tana cuɗa zanen gadon marasa lafiya har yatsunta suka shafe sumul. Sabuwar na'urar da aka kafa, mai kai rahoto hedkwata kai tsaye, ta ƙi gane Iya. Kullum jami'in yana hango Iya ta taga tana shanya, kwamfutarsa kuwa tana cewa ba ta zo aiki ba. Ya yi waya hedkwata, ya je da ƙafarsa, ya yi magiya. An ce tsarin ba ya karɓar gyaran hannu, kuma wanda ya yi fashin wata guda korarre ne. Watan ya kusa cika, shi ne kuma zai gaya mata da bakinsa, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a ɗakin tarkace, kusa da karyayyun gadaje. Ana roƙon masu halarta su dangwala kafin su bar bakin aiki. Iya ba sai ta dangwala ba, ita za ta zauna karɓar gaisuwa.