Ta'aziyyar da Na Kai Filin Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai wan matata kallon hoki, wasan nan da ake yi da sanda a kan ƙanƙara. Amma ku fara sanin ko ni wane ne a lokacin. A farkon shekarun 1980, duk Hausawan Greensboro, in ana maganar sanin Bature da al'adunsa, ni ake nunawa. (To, ni nake nuna kaina, amma ai nuni nuni ne.) Shekarata biyu kacal a garin ina digiri na biyu, amma in na buɗe baki sai ka rantse da ni aka yanke wa Amurka cibiya.

Ina neman auren Binta, ƙanwar Malam Ilu mai koyar da lissafi a jami'a. Ita ta amince. Shi ne waliyyinta a nan, ya ce sai ya ga kamun ludayina tukuna, don an gaya masa bakina ya fi ƙafata sauri.

A gidan man da nake aikin ƙarshen mako akwai wani Dale, mutumin McLeansville, wanda ba shi da hira sai ta Walt, gwarzon hokin ƙanƙara na garin. In ya fara, sai idonsa ya lula wata duniya: yadda Walt ke sulalewa kamar iska ce ke ɗauke da shi, yadda ya gama wasa da karyayyen yatsa, yadda yake durƙusawa ya ɗaure wa 'ya'yan mutane igiyar takalmi. Ni kuwa sai in kwashi labarin da zafinsa in juye a falon Malam Ilu, in ƙara gishiri. "Ai Walt namu ne, Malam. Ko ƙeyarsa na hango cikin taro zan gane shi." Ko a hoto ban taɓa ganin bawan Allahn nan ba.

Wata Lahadi Dale ya ba ni tikiti uku, ya ce ranar Walt ce. Muka tafi da Malam Ilu da Binta, muka ɓata lokaci wajen neman inda za mu ajiye mota, muka shiga an riga an fara.

Jama'a, ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. An rage fitilu, ƙanƙarar na sheƙi kamar an zubo farin wata a faranti. Wani kiɗa mai sanyi yana tashi a hankali. Ga ƙaton hoton saurayi mai dogon gashi, ba haƙoran gaba, yana dariya. Dubban mutane a tsaye, maza sun cire huluna sun dafe ƙirji. Wata tsohuwa kusa da ni tana share hawaye tana cewa, "Tun ina budurwa nake kallonsa. Ba za a sake irinsa ba." Aka miƙa wa wata mata furanni a tsakiyar fili. Sannan aka ɗaura wata riga a igiya, ta riƙa hawa sama sannu sannu, hannayenta na lilo, har ta kai rufi ta tsaya. Wallahi sai na ji kamar ni ma ana jana sama tare da ita.

Malam Ilu ya raɗa mini, "Me ake yi ne?"

To ku gaya mini, a garinmu yaushe ake taruwa a yabi mutum haka, a yi kuka, a rataye rigarsa? Na girgiza kai na ce, "Walt ya riga mu gidan gaskiya, Malam."

"Inna lillahi. Ka tabbata?"

"Malam, ni fa nake da garin nan."

Binta ta ɗago takardar da aka raba a ƙofa. "Amma nan an rubuta..."

"Binta, ba a surutu a wajen makoki."

Da aka tashi hutun wasa, sai ga layi a farfajiya, mutane suna gaisawa da matar nan mai furanni da wani dattijo mai sanƙo da tumbi, yana dogara sanda. Na ce wannan mahaifin mamacin ne, ba tantama. Na ja Malam Ilu muka bi layi, don ya ga yadda ake zumunci da Turawa. Da aka zo kaina na durƙusa har ƙasa, na kama hannun dattijon da hannu biyu, na tattaro duk Turancin da na mallaka.

"Baba, sai haƙuri. Ɗanka ya tafi ya bar mu. Ni na san shi ƙwarai, mutumin kirki ne. Allah ya sa ya huta."

(Har da hawaye. Hawaye na gaske, ina kuka a kan mutumin da ban sani ba, a gaban mutumin.)

Dattijon ya ce, "Wane ɗan nawa?"

"Walt mana, Baba."

Matar ta cusa fuskarta cikin furanni, kafaɗunta na rawa. Dale, da ke bayanmu, ya ja hularsa ya rufe ido. Dattijon ya yi murmushi, sai na ga giɓin nan na cikin hoto.

"Samari," in ji shi, "gwiwoyina ne suka mutu. Sauran jikin ritaya kawai ya yi."

Da ƙanƙarar nan za ta tsage, da na shige na ja ta na rufa. Ranar na gane su mutanen nan suna yabon gwaninsu tun kunnensa na ji, mu kuwa sai mun dawo daga maƙabarta. Na kuma gane cewa in mace ta ɗago takarda, a bari ta karanta.

A mota Binta sai tarin ƙarya take ta yi a baya. Na riga na sallama aure. Sai da muka tsaya a ƙofar gidansa Malam Ilu ya kashe mota, ya daɗe yana kallona.

"Mai yi wa baƙo kuka haka ba zai wulaƙanta ƙanwata ba. Na ba ka ita," in ji shi. "Amma don Allah, ranar da zan yi ritaya, ka yi zamanka a gida."