Mummunan Hadari a Hanyar Zango

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren yayan Bilkisu ba. Ko na so mantawa, surukaina ba za su bari ba.

Lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Daura, wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba. Ni kuwa na naɗa kaina masanin yanayi. Na kafa gwangwanin madara a bayan aji ina auna ruwan sama da rula, ga 'yar rediyo kullum a aljihu saboda hasashen yanayi. (Abokaina sukan ce ko sallama aka yi mini sai na dubi gabas kafin in amsa.)

Bilkisu ita ce yarinyar da nake nema, saura mako guda manyana su je wajen mahaifinta. Mahaifin nata, Alhaji, dillalin shanu ne, kuma na samu labarin ya taɓa tambaya, "Wai shi malamin nan, ban da kallon sama yana da wata sana'a?" Maganar ta tsaya mini a rai. Na ƙudura sai na nuna masa amfanin ilimina.

Ranar, mazan gidan su Bilkisu suka cika motoci biyu suka tafi Zango ɗaurin aure, ni ina makaranta ina tsaron jarrabawa. Ina fitowa na kunna rediyo, na ji ana gargaɗin ruwa mai ƙarfi da iska da tsawa a yankinmu, wai ƙoramu na iya cika su yanke hanya. Daɗi ya kama ni, dama ta samu. Na rubuta wa Bilkisu saƙo a gajarce: "Mummunan hadari a hanyar Zango. Yanzu na ji a rediyo. Allah ya kiyaye."

Abin da ban tuna ba shi ne waya ba ta da harafin ɗ mai lanƙwasa. A wajenta, hadarin ruwa da haɗarin mota duk rubutunsu ɗaya.

Na hau babur ɗina da lema biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta Alhaji, na nufi gidansu. Tun daga zaure na jiyo salati da koke-koke. Ga tukwanen shinkafa a kan wuta babu mai kula da su. Ashe sun yi ta kiran mutanen Zango, layi ya ƙi shiga. Na durƙusa a ladabce na ce, "Allah ya jiƙan musulmi. Wa aka rasa?"

Hajiya, mahaifiyar Bilkisu, wadda don kunya ba ta taɓa yarda mun haɗa ido ba, ta riƙo hannun rigata.

"Malam, kada ka ɓoye mini. Mutum nawa? Ango yana ciki?"

"Cikin me, Hajiya?"

"Haɗarin mana."

Ni da wautata na ce, "Ai bai sauka ba tukuna. Sai wajen la'asar suka ce."

Wata tsohuwa ta share hawaye ta ce, "Ikon Allah. Yanzu har haɗari rediyo ke sa wa lokaci?"

Bilkisu ta miƙo mini wayarta. Na karanta saƙona da idonta, sai na gane ɓarnar da na yi. Ina cikin in'ina sai ga motoci sun tsaya a ƙofa, maza suka shigo da goro da dabino, ango yana ta ƙamshin turare.

Aka kwashe labari aka gaya wa Alhaji. Ya ɗaga kai ya dubi sama, garau take. Ya dubi lemomin da ke hannuna.

"To Malam, ruwan fa?"

Ko ɗigo bai sauka ba ranar. Baƙi kuwa ƙonanniyar shinkafa suka ci, kowa ya san dalili. Na kwana bakwai ina ganin na rasa Bilkisu, har ruwan da aka sheƙa ranar Talata, wanda ya tafi da gwangwanina, bai faranta mini rai ba.

Da manyana suka je, Alhaji ya ce, "Na ba shi. Amma duk labarin da zai aiko gidan nan, ya kawo shi da bakinsa."

Tun daga nan na koyi rubuta "ruwan sama" cikakke, komai tsawon saƙon. Shekaru sun ja, amma har yau in gabas ta yi baƙi, sai Hajiya ta kira Bilkisu ta ce, "Tambayar mini Malam, wannan mai lanƙwasa ne ko marar lanƙwasa?"