Rasuwar Otis Mai Shara, na Ɗaki na Goma Sha Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Wendell Haugen na gidan tsofaffi da ke kan tudu a Duluth, nake sanar da rasuwar Otis, injin shara mai yawo da kansa. Ya cika ranar Talata da hantsi a ƙarƙashin gadona, yana da shekara huɗu.

Marigayin mai haƙuri ne. Kullum sai ya yi karo da ƙafar kujerata, bai taɓa fushi ba, sai ya ce "ɗit-ɗit" ya juya. Ya tono mini maɓallai iri-iri da wani haƙorin roba da ba nawa ba, duk na adana su a kwalba. Ina kyautata zaton yakan yi mafarki idan yana caji, don fitilarsa numfashi take yi.

Ciwon batir ne ajalinsa. Da farko ya riƙa mance hanyar gida, daga baya cikinsa ya kumbura.

Ya rasu ya bar ni, da kyanwar maƙwabciyata Dolores mai hawa bayansa, da tsofaffi arba'in da ɗaya da suka sa hannu a katin ta'aziyya.

Ngalula ce ta jawo gawar, 'yar Kwango mai yi mana wanka da gyaran gado. Ta daɗe tana kallon batirin. Ta ce dutsen da ake yin irinsa da shi a garinsu ake haƙowa, kuma watan jiya rami ya rufta da ɗan ƙanwarta Ilunga, mai shekara goma sha ɗaya. Har yau ba a tono shi ba. Ta nemi hutun mako guda, ofis suka ce ba a ba da hutu don ɗan ƙanwa.

Tun ina ɗan shekara sha biyar na fara aikin jirgin ruwa mai dakon tama. Na san komai daga rami yake fitowa, amma ban taɓa tambayar wa ke cikin ramin ba.

Na kai maganar teburin cin abinci. Dolores ta ce, "Allah sarki. Kai dai Wendell da kwashe-kwashe, miƙo mini gishiri." Wani ya ce ai can kullum haka suke. Na zaga da kati na biyu, na ta'aziyyar Ilunga, mutum uku suka sa hannu, ɗayansu ma ya ɗauka na Otis ne.

Ngalula ta ce, "Baba, bar wahalar da kanka. Injinka ya fi ɗanmu dangi."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe biyu a bayan ɗakin wanki, cikin kwalin da marigayin ya zo da shi. Ofis sun hana a binne shi da batirin, wai zai ɓata mana ƙasa. Ngalula za ta halarta idan aiki ya bar ta. Na sassaƙa allon kabari, kuma ba sunan Otis na rubuta ba. Akwai kek. Duk mai son a yanka masa, sai ya fara karanta sunan da ke jikin allon da bakinsa.