Muna da Ruwa, In Ji Na'ura

Jiya na raka maƙwabcina mai wanki ofishin masu ruwa. Wata takwas famfon unguwarmu ko tari bai yi ba, amma da jerin unguwannin da za a haƙa wa rijiyar burtsatse ya fito, babu mu. Shi kuwa da ruwa yake ci, masu kawo masa kaya har sun fara sauya hanya.

Akawun, wata baiwar Allah mai tabarau, ta danna na'ura ta duba.

"Baba, ai kuna da ruwa."

"A ina, 'yata? Ni da nake wanka da buta?" in ji mai wanki.

Ta yi mana bayani a tsanake. A rumbun bayanansu kowace unguwa tana da gurbin ruwa. In masu zagayen bincike suka bar gurbin fayau, sai na'ura ta cike shi da amsar da aka ajiye mata tun farko. Amsar da Masu Girma Iyayen Tafiya, manyan hukumar, suka zaɓa kuwa ita ce "akwai". Masu binciken ba su taɓa leƙo mu ba, saboda haka ruwa ya wadace mu. Ku ji basira, jama'a! Ba bututu, ba haƙa.

"To goge, ki sa babu."

Ta sa. Na'ura ta yi ƙara ta tofar. Ashe an ɗaura wa gurbin ƙa'ida: "akwai" ko "ana kan aiki" kaɗai yake haɗiya.

"A cire ƙa'idar mana!"

"Sai da sunanta ake cire ta, Baba. Wanda ya kafa ta bai ba ta suna ba, na'ura ce ta laƙa mata wasu lambobi. An naɗa kwamitin nemo su."

Mutanen da ko kwalbati suka gina sai sun kafa allo da sunansu!

"Sa 'ana kan aiki' ɗin, ko a tuna da mu."

"In na sa, an ba da kwangilarku ke nan. Har jerin baɗi ba ku ciki."

Muka kamo hanyar gida. Da safen nan direban ɗaya daga cikin Manyan ya zo karɓar kayan oga. Mutumina ya ninke su yadda aka kawo su, da maiƙo a ƙirji, ya miƙa.

"An wanke?"

Bai ce uffan ba. Direba ya kwasa ya tafi.

Ni dai shaida ne, bai yi ƙarya ba, gurbin ya bari fayau. In Ranka-ya-daɗe ya ji tsami, sai ya naɗa kwamiti.