Firjin Tsohon Direba Ya Daina Kuka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da har yanzu ba su gama bushewa ba, iyalan tsohon direban nan na gidan ƙarshen layi suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar firjinsu, dogon nan mai ƙofa biyu da famfon ruwan sanyi a ƙirji. Ya cika ranar Asabar da hantsi, a kicin, a tsaye kamar yadda ya rayu, a hannun maigidansa. Ba don adon magana aka ce a hannunsa ba.

Marigayin ya shigo gidan tun yara suna firamare. Matar gidan, Allah Ya jiƙanta, ita ta zaɓe shi, ita ta sa kafinta ya yi masa ɗan gadon katako don kada ruwan wanke-wanke ya ci masa ƙafa. An shaide shi da haƙuri da rufin asiri. Bai taɓa hana maƙwabci ƙanƙara ba, bai taɓa faɗa wa baƙo cewa miyar jiya aka ɗumama masa ba. In an ɗauke wuta ya yi shiru, in an dawo da ita ya ce "ƙyat", ya ɗora daga inda ya tsaya: "mmmmm". Wannan kukan nasa ya bi jikin gidan har aka daina jin sa.

Sai da matar gidan ta rasu aka sake jin sa. Masu gaisuwa suka watse, 'ya'ya suka koma gidajensu, Auta ce ta ƙarshen tafiya. Direba ya waiga ya ga ba wani mai motsi a gidan sai shi da firji. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin rugugin inji, ba abin da yake tsoro irin shiru. Ya janyo kujerarsa bakin ƙofar kicin, nan yake karyawa, nan yake gyangyaɗin rana. Ya san abin dariya ne, bai kuma damu ba. Muddin firjin yana kuka, gidan bai mutu duka ba.

Jinyar ta fara ne kwana kaɗan bayan tafiyar Auta. Ruwa ya riƙa bulɓulowa daga ƙarƙashin katakon yana bin siminti har bakin ƙofa. A goge, ya dawo. Matar maƙwabci ta leƙo ta riƙe haɓa ta ce, "Wayyo, shi ma kukan rashinta yake yi." Direba ya yi tsaki, amma maganar ta zauna masa.

Auta ta roƙe shi a waya. "Baba, don Allah kada ka taɓa shi. Ka bari in zo da mai gyara."

"Ni da na sauke injin babbar mota a tsakiyar daji, tankin ruwa ne zai gagare ni?" in ji shi. "Tunda nake a gidan nan ba abin da ya taɓa fin ƙarfina."

Iyalai ba sa son ja da dattijo yana cikin makoki. Sai dai gaskiya ta sa a ambata cewa rediyo, fankar falo da dutsen guga duk sun riga marigayin tafiya, kuma dukansu likita ɗaya ya duba su.

Ranar Asabar ya ɗauko akwatin kayan aikinsa, ya sayo gam. Ya kwashe kwalabe, ya gano tankin can ciki, ya ga tsagar, 'yar siririya kamar gashi. Har nan komai daidai, a ba shi haƙƙinsa. Amma ƙanƙara ta manne tankin da bangon firjin. Da ya kashe shi ya jira ta narke, da yanzu ba a rubuta wannan sanarwa ba. To, kashe shi yana nufin gidan ya yi tsit, shi kuwa ba zai iya ba. Ya ɗauko wuƙar yanka albasa ya shiga sassaƙa.

Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "fssssss". Wuƙar ta huda bututun gas. Direba ya danne wurin da babban yatsa, kamar mai tsayar da jini, yana cewa, "Tsaya mana, tsaya." Kukan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke.

Auta ta iso da azahar tare da mai gyara. Mai gyara ya duba, ya cire hularsa, ya ce a yi haƙuri. Da suka janye gawar daga bango, sai ga wani tsohon kwanon silba a ƙarƙashin katakon, ta can baya inda ido ba ya kai wa, cike fal da ruwa yana ambaliya. Gindinsa ya zana da'irar tsatsa a siminti, irin wadda ba ta samuwa a wata ɗaya ko shekara ɗaya.

"Wannan fa?" in ji direba.

Auta ta durƙusa, ta kasa kallon sa. "Baba, ai ya daɗe yana yoyo, tun kafin aurena. Mama ce take zubar da ruwan kullum in tana shara. Da ta kwanta ciwo ni na karɓa. Ta ce kada in kuskura in gaya maka."

"Saboda me?"

"Ta ce za ka ce za ka gyara."

Direba ya fara dariya, amma ba ta yi nisa ba. Ya zauna a jiƙaƙƙen simintin da kwanon a cinya, ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka fita da gawar matarsa. Shekara da shekaru yana bugun ƙirji cewa gidansa ba ya yoyo, ashe akwai mai tarewa.

Marigayin ya rasu ya bar tukunyar gas, wadda suka yi zaman maƙwabtaka lafiya, da kwalaben ruwa marayu, da injin markaɗe, wanda iyalai suka ɓoye a inda likitan ba zai gan shi ba.

Za a fitar da gawar gobe da safe, in mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da kurarsa. Za a karɓi gaisuwa a bakin ƙofar kicin. Ana roƙon masu zuwa su taho da ruwan sanyinsu, kuma don Allah kada su yi ƙasa da murya, shirun da ke gidan ya isa haka. Ana kuma sanar da mai kura cewa katakon nasa ne in yana so, amma kwanon ba ya cikin kayan da za a fitar. Maigidan ya wanke shi, ya mayar da shi kan da'irarsa.