Mai Gadin da Ya Tare a Gindin Taga

"…lafiya lau na kwana, in ban da annobar da kika kawo mini gida," in ji tsoho, ko sallamarta bai gama amsawa ba.

Jikarsa ta fari ce, malamar firamare, tsaye a ƙofar ɗaki da kular abinci a hannu. Shi kuwa tsohon mai gyaran rediyo ne. Ya bar sana'ar, amma teburinsa har yau cike yake da wayoyi da matattun batura. Tun da matarsa ta rasu ɗansa ke matsa masa ya koma gidansu, shi kuma ya kafe. Da ƙyar aka daidaita: zai zauna a gidansa, amma sai da kare mai gadi, kuma abincinsa daga gidan ɗan zai riƙa zuwa, marar gishiri, saboda hawan jini. Malama ce ta samo karen, ta raɗa masa Sintiri, ta sa kafinta ya buga masa ɗan ɗaki a bakin ƙofar gida. Sintiri bai taɓa kwana a ciki ba.

"Ango, wace annoba kuma? Ni ko tsufanka?"

"Leƙa tagar nan ki gani, uwar iyayi."

Ta leƙa. Ga Sintiri a gindin taga ta waje, ya yi rigingine, ƙafafu a sama, yana zuba minshari.

"Cewa kuka yi mai gadi ne," tsoho ya ce, yana nuna shi da sanda. "Ƙofa tana can, shi yana nan. Ɓarawo ya shigo ya kwashe kujeru, ya dawo ɗaukar tsintsiya, wannan ko juyi ba zai yi ba. In na kunna rediyo ban san wa ke karanta labarai ba, mutumin ciki ko shi."

"Kishi ne kawai. An samu wanda ya fi ka minshari a unguwa."

"Ni nake minshari? Kakarki ta zauna da ni har ta koma ga Allah, ba ta taɓa cewa haka ba."

"Ai shi ya sa kunnenta ya mutu tun da wuri, Allah ya jiƙanta."

Tsoho ya ja tsaki. Yarinyar nan tun tana rarrafe bakinta ya fi ƙarfinsa.

"Ni dai ki faɗa mini, ke da kike koyar da 'ya'yan mutane, me kare yake nema a gindin taga?"

"Iska mana. Wurin da inuwa, simintin da sanyi. Yana jin motsin titi, yana shaƙar duk wanda ya gifta. Kuma kare yana son ya kwanta inda yake jin muryar maigidansa."

"Tagar kicin ba iska? Tagar ɗakin baƙi ba inuwa? Sai tawa?"

"To ƙila ƙamshin man zafinka ne ya sace masa zuciya. Ni ma ai shi ya yaudare ni na aure ka."

"Allah ya kiyaye! Na sake ki tun kina aji ɗaya, ke ce kika ƙi tafiya. Wannan karen ɗan leƙen asiri ne, ubanki ya turo shi ya riƙa ƙirga tarina."

"Da shi aka tura ai da tuni an kore shi a aiki."

"Ba abin da ban yi ba. Na daka masa tsawa, ya kaɗa mini wutsiya. Na watsa ruwa a wurin, ya jira ya bushe. Na jera tukwanen fulawa, ya ture su ya kwanta a tsakiya. Har ɗakin baƙi na koma da kwana, wai in huta. Washegari da azahar sai ga shi a gindin waccan tagar! Yau ɗin nan za ki tafi da shi. Na gaji."

Malama ta ɗan karkata kai, tana kallonsa. Kallon nan bai yi wa tsoho daɗi ba.

"Da azahar, ka ce?"

"Ko da la'asar. Wa ya duba agogo?"

Ta ajiye kular a kan tebur, ta murɗa murfin. Ƙarar ba ta fi ta cokali a faranti ba, amma minshari ya tsaya cak. Kafin tsoho ya ƙifta ido Sintiri ya miƙe, ya ɗora ƙafafun gaba a kan dakalin taga, ya cusa hanci tsakanin ƙarafa, baki buɗe, miyau na zuba.

"Ikon Allah," in ji tsoho, yana kallon silin. "Ji wani rashin kunya."

Malama ta matsa, ta shafa dakalin da yatsa. Busasshiyar shinkafa. Ta leƙa ƙasa, ga layin maiƙo ya gangara a jikin bango, ga tulin kabeji a gefe, wanda ko kare ya ƙi.

"Kaka!"

In ta bar Ango ta koma Kaka, to wasa ya ƙare. Tsoho ya gyara zama.

"Sadaka ce. An hana mutum ciyar da dabba?"

"Mama tana tashi tun asuba ta dafa maka wannan, kai kana zuba wa kare ta taga! Dubi wuyansa, har ya ninku. To kai me kake ci?"

"Abin da Allah ya hore."

Ta janyo akwatin kayan gyara daga ƙarƙashin tebur. Gwangwanayen kifi ne fal, wasu a buɗe, da ƙullin gishiri a leda.

"Wannan abincin naku ba abinci ba ne, hukunci ne," tsoho ya ce da ƙarfi. "Kamar mutum yana tauna jiƙaƙƙen kwali!"

"Shi ke nan. Bari in kira Baba. Dama an share maka ɗaki a gidanmu, kusa da na yara."

Ta ciro waya. Tsoho ya dubi teburinsa, ya dubi kujerar da matarsa ke zama. Ya tuna jikoki ƙanana da ke tsinke masa wayoyi duk ranar da suka zo.

"Haba amaryata. Haba hasken gidana. Tsakanin miji da mata har sai an kira wani?"

"Ɗazu ka ce ka sake ni."

"Na mayar da ke. Ajiye wayar."

"Sintiri fa?"

"Ya zauna. Ya kwanta a kan gadona ma in yana so."

"Gwangwanayen nan da ni za su tafi. Daga gobe ni zan riƙa yi maka girkin, da tafarnuwa da citta da lemon tsami, sai ka manta da gishiri. Amma a gabana za ka ci. Buɗe baki."

Ya kai loma ɗaya yana yamutsa fuska. Sintiri ya yi wani ɗan kuka mai ban tausayi daga taga.

Dariya ta ƙwace wa tsoho har da tari. Ya laluba aljihu, ya ciro alewar da ya ɓoye, ya miƙa mata.

"Ungo, kin ci gari. Kai kuma munafuki, duk unguwar nan ba wanda ya taɓa tona mini asiri sai kai."